Yadda ake sauya bututun birki a tsohuwar motar da aka daina yin kayanta

Cressidar Kawu ƙirar 1990 ce, fara, kuma ya sha faɗa cewa shi da ita sai dai a raba su. Wata Juma'a muna dawowa daga Makka, mun shigo Jidda ke nan, ya taka birki a wata danja sai ƙafarsa ta zarce har ƙasa. Motar ta tsaya, amma sai da ya yi ta famfo da ƙafa, ya haɗa da birkin hannu. Da muka gangara gefe na durƙusa na leƙa, sai ga mai yana ɗiga daga saman tankin fetur, wajen tayar baya. Ban bari ya sake tayar da ita ba. Saɗaha muka kira, wato motar ɗaukar mota, ta ɗauke ta zuwa gida.

Shago uku na shiga a Sina'iyya, unguwar gareji da shagunan kayan mota, da lambar shasi a hannu, kowa ya danna kwamfuta sai ya girgiza kai: an daina yi. Ba abin mamaki ba ne, tunda Toyota ta bar ƙera Cressida tun a shekarun 1990. Abin da masu shagon ba sa tsayawa su gaya maka shi ne, bututun birki ba kamar fitila ko gilashin ƙofa ba ne da sai na wannan motar. Bututu ne da ake sayarwa a naɗe, da noti biyu, da baki da ake buɗawa a kowane ƙarshe. Lanƙwasar kawai ce ta motarka, ita kuwa tana jikin tsohon da za ka cire. Lambar kaya ce ta mutu, kayan suna nan.

Fara tabbatar da abin da ke yoyo

Kafin ka sayi komai, cika kofin man birki, ka sa wani ya taka feda da ƙarfi kai kana kallon ƙasa da tocila. Idan man daga bututun ƙarfe yake fitowa, za ka ga wurin ya yi jiƙau, tsatsa ta yi ɓawo a kansa. Idan daga tiyon roba ne da ke zuwa taya, za ka ga tsaga ko kumburi. Idan cikin tayar baya ne ya jiƙe, silindar taya ce. Idan kuwa feda tana nutsewa a hankali amma babu ɗigo ko ɗaya a ko'ina kuma man bai ragu ba, to robobin cikin masta, wato famfon da feda ke turawa, su ne suka gaji, sauya bututu ba zai yi maka maganin komai ba.

Mutane kan ce ai nan ba a zuba gishiri a titi kamar ƙasashen ƙanƙara, me zai ci bututu? Wanda ke zaune a Jidda ya san amsar: iskar Bahar Maliya da raɓar dare sun ishe shi. Ga kuma motocin da suka sha ruwan ambaliyar Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011, laka ta kwanta a saman tanki da cikin maƙalai ta bushe a can, ba wanda ya wanke. A nan ne na Kawu ya huje, daidai ƙarƙashin wani maƙalin da ke riƙe shi. Akwai kuma ci daga ciki, domin man birki yana shan danshi, idan ya shekara biyar ba a sauya ba ruwan da ya sha ne zai riƙa cin ƙarfen. A Riyad da Madina, inda iska ta bushe, tiyon roba ne ya fi saurin mutuwa saboda zafi.

Da ka ga ɗaya ya huje, bi sauran da yatsa daga masta har taya huɗu. Shekarunsu ɗaya, ruwa ɗaya suka sha. Ni ra'ayina, duk wanda ɓawon tsatsa ke ɓarewa daga jikinsa idan ka kankare da farce, sauya shi yanzu tunda motar tana sama.

Maganar tashlih

Kowa zai ce maka ka je tashlih, wato wurin da ake sayar da kayan matattun motoci, ai akwai Cressida birjik. Je, amma ka san abin da za ka ɗauko. Bututun da ke jikin waccan motar sa'an naka ne, ya kwana a rana da raɓa, sannan yaron da zai ciro maka shi sai ya lanƙwasa shi kafin ya fito. An gudu ba a tsira ba ke nan. Abin da tashlih ke da amfani a kai shi ne ƙananan abubuwan da ba a samu a shago: maƙalan roba da na ƙarfe, 'yan faifan da ke kulle tiyo a mazauninsa, mahaɗar nan mai baki uku da ke kan gadar baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da notuna idan naka sun lalace. Idan kuma tsohon bututunka ya karye gutsu-gutsu wajen cirewa, na tashlih zai yi maka samfurin lanƙwasa.

Abu uku da sai ka san su

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ne na ga mutane suna kuskure.

Na farko kauri. Yawancin ƙananan motoci, na Japan da na Turai da na Amurka, bututunsu milimita 4.75 ne, wato 3/16 na inci, abu ɗaya ne da suna biyu. Manyan motocin Amurka irin su Jimis (GMC) da Caprice sukan sa na 1/4 na inci, milimita 6.35, a layin da ke tafiya baya. Yanko guntu daga tsohon ka tafi da shi shago, kada ka dogara da ido.

Na biyu siffar baki. Iri biyu ne. Akwai mai ninki: bakin a buɗe yake kamar ɗan mazurari, an naɗe leɓensa ciki ya zama ruɓi biyu, a kan kusurwa 45. Shi ne a motocin Japan da tsofaffin motocin Amurka, a jikin kwalin kayan aiki za ka ga an rubuta SAE. Akwai kuma mai kumburi: ƙarshen bututun ya tashi kamar kan maɓalli, shi ne a Mercedes da BMW da galibin motocin Turai, ana rubuta masa DIN ko ISO. Idan kana shakka, haska ramin da notin ke shiga. In ka ga ɗan tsini ya taso a tsakiya yana kallonka, mai ninki yake so. In ramin ya lotsa ciki kamar kwano, mai kumburi ne. Haɗa su a juye zai ɗauru, har ma ya yi kamar ya riƙe, sai ranar da ka taka da gaske. Mai motar Amurka ya duba kowane ƙarshe daban, domin kamfanin GM ya fara komawa mai kumburi a wasu motocinsa tun shekarun 1980, akan kuma sami bututu ɗaya da noti iri biyu.

Na uku zaren noti. Toyota da Nissan da Mazda da sauran na Japan M10×1.0 suke amfani da shi, wato kauri milimita 10, tazarar zare milimita 1. Tsofaffin na Amurka 3/8-24 ne a kan ƙaramin bututu, 7/16-24 a kan na 1/4, a bakin masta kuma akan ga manya irin 1/2-20 da 9/16-18. Tarkon yana tsakanin 3/8-24 da M10×1.0. Na incin kaurinsa kusan milimita 9.5 ne, tazarar zarensa kusan 1.06, saboda haka yana shiga ramin M10 lafiya lau, har ka ji daɗi. Amma da bakin zare kawai yake riƙe, matsin birki na iya fizge shi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaura sabon notin da hannu zagaye uku ko huɗu ka girgiza shi. In yana rawa, ba nasa ba ne. Ka kuma jera shi da tsohon ka dubi tsawo, domin notin da ya gaza tsawo kansa zai dafe kafin ya matse bakin bututu. Tsohon noti mai lafiyayyen kai da zare, a wanke shi a mayar, babu laifi.

Wane bututu za ka saya

Na asali ƙarfe ne mai ruɓi biyu da aka like da jan ƙarfe, ana kiransa Bundy. Yana da ƙarfi da araha, sai dai yana da taurin lanƙwasa da buɗa baki, kuma zai sake yin tsatsa in shekaru suka ja. Wanda na fi so shi ne kunifa, gamin jan ƙarfe kashi 90 da nikel kashi 10, a jikin naɗin za ka ga CuNi ko 90/10. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, bakinsa yana buɗuwa cikin sauƙi. Ba sabon abu ba ne, Volvo ta fara sa shi a motocinta tun 1976. Naɗi ɗaya ƙafa 25 ne, kimanin mita 7.6, yakan ishi layin baya har ka sami na koyo. In duka motar za ka yi, sayi biyu. In ba ka same shi a Sina'iyya ba, ana samu ta intanet.

Abin da ba za ka taɓa sawa ba shi ne bututun jan ƙarfe na na'urar sanyaya ɗaki. A ƙasar nan kowane lungu akwai mai gyaran mukayyif, bututun na nan a banza, har ma akwai mai kaurin 1/4. Jan ƙarfe zalla idan ya sha girgiza taurara yake yi, daga nan ya tsage, kuma yawanci a gindin noti. Da na kwance motar Kawu na tarar wani gareji ya taɓa yi masa irin wannan gyaran gangar Abzinawa a layin gaba: guntun bututun mukayyif, an haɗa shi da mahaɗar famfo mai ɗan zobe a ciki. Wannan mahaɗar don ruwan gida aka yi ta. Birki idan aka taka da ƙarfi matsinsa yana haura 70 a ma'aunin bar, a tsayawar gaggawa ya wuce 100, zoben zai iya sakin bututun gaba ɗaya. Haka walda, haka tiyon fetur da kilif. Babu ɗaya daga ciki da yake gyara.

Kayan aiki

Abin buɗa baki mai 'yan maɓallan ƙarfe a cikin akwatinsa. Kula, na masu mukayyif kama yake da shi amma ba shi da maɓallan, baki mai ruɓi ɗaya yake yi, shi kuwa tsagewa yake a birki. Sai abin yankan bututu mai ɗan faifai, ƙaramin magagari, abin lanƙwasa, da sifanar bututu, wato mai zobe da aka tsaga gefe ɗaya, lamba 10 ga motocin Japan. Sifana mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye kan noti, ajiye ta. Sai man feshi mai sassauta tsatsa, burushin waya, siririn tiyo mai haske da kwalba, salatif, igiya, tabarau, da man birki lita ɗaya wanda ba a taɓa buɗewa ba.

Man da aka rubuta a murfin kofin shi za ka saya. Tsofaffin motoci yawanci DOT 3 ne, wanda sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Celsius, DOT 4 kuma 230, suna haɗuwa da juna. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Man giya ko man sitiyari kuwa ko cokali ɗaya ya shiga, robobin birkin duka sai sun kumbura.

Cire tsohon

Tun ana gobe aiki, da dare, ka goge notunan da burushi ka fesa musu mai. Da safe, kafin rana ta ɗaga, ajiye motar a daɓe mai kwance, sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi, ɗaga ta, ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, bulo kuma fashewa yake ba sallama.

Ɗauki hoto da waya, da yawa: ta inda bututun ya bi, wane maƙali, wane rami a masta. Bayan awa uku a ƙasa za ka manta.

Ga wata dabara da ke rage ɓarna. Danna feda kamar santimita 4 ka tokare ta da sanda a jikin kujera. Hakan yana rufe ƙofar da mai ke sauka daga kofi, sai masta ya kasa tsiyayewa ko ka kwance bututu. Zare fis ɗin fitilar birki don kada batir ya mutu.

Yanzu sa sifanar bututu ta zauna sosai, ka ɗan ɗaure kaɗan tukuna, sannan ka kwance. Dubi bututun yayin da notin ke juyawa: in yana juyawa tare da shi, tsatsa ta haɗe su. Tunda zubar da shi za ka yi, kada ka wahala, datse bututun daf da notin ka sa soket mai kusurwa shida. A wajen tiyo, riƙe kan tiyon da wata sifana, kuma kada ka zare faifan da ya kulle shi sai notin ya saki. Wuta kuwa, na san wasu na gasa noti, amma kai kana kwance ƙarƙashin tankin fetur ne. Bar ta.

Fito da tsohon a yadda yake gwargwadon iko. Na Cressida sai da na sassauta tanki na sauke shi kaɗan kafin ya fito. Man da ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Yanka da buɗa baki

Bi tsohon da igiya lanƙwasa bayan lanƙwasa, auna igiyar, ƙara santimita 5. Miƙar da sabon ta hanyar taka bakinsa a daɓe kana warware naɗin a hankali. Wajen yanka, matsa faifan kaɗan-kaɗan, ka zagaya sau biyu kafin ka ƙara. Wanda ya matse da ƙarfi don sauri yana taurara bakin, ya kuma tura leɓe ciki. Kankare wannan leɓen na ciki, gyara fuskar da magagari ta zama daidai, ka ɗan zage gefen waje. Riƙe bakin yana kallon ƙasa don garin ƙarfe ya zube waje, sannan ka hura.

Sa noti. Na ware masa layi ne don babu wanda ya taɓa wannan aiki bai manta da shi ba ko sau ɗaya. Zaren yana kallon ƙarshen bututu.

Sa bututun a ramin da ke daidai da kaurinsa a jikin maƙatar, wato ƙarfe mai ramuka na abin buɗa baki, ta fuskar da ramin ya buɗe. Tsawon da zai leƙo shi ne kaurin kafaɗar ɗan maɓallin: kwantar da maɓallin kusa da shi ka daidaita su. In ya leƙo da yawa bakin zai karkace, in ya gaza ninkin ba zai cika ba. Ɗaure maƙatar tamau, ka fara da notin da ya fi kusa da bututun, in da hali ka kama ta a bais. Ɗiga man birki a bakin, ba man inji ba. Zura tsinin maɓallin cikin bututun, ɗora abin matsawa a tsakiyarsa, ka juya har maɓallin ya dafe da maƙata. Cire shi, za ka ga bakin ya kumbura kamar ƙararrawa. Yanzu sa tsinin abin matsawa kai tsaye ka juya, leɓen zai naɗe ciki. Da ka ji ya yi tauri, tsaya. Ba a matse shi har ya zama takarda, notin ne zai ƙarasa zaunar da shi a mota.

Ɗaga shi ka duba a haske. Ramin ya zama a tsakiya, leɓen kaurinsa ɗaya ta ko'ina, babu tsaga ko ta gashi. Ja notin ya hau bayansa ka ga yana juyawa. In da aibi, yanke ka sake, abin da ya sa aka ƙara santimita 5 ke nan. Ni sai da na ɓata guda shida a kan guntaye kafin na bakwai ya yi kyau, Kawu na zaune a kujera da shayinsa yana ƙirga mini. Yi naka koyon a kan guntaye ma.

Mai buƙatar baki mai kumburi ya sayi kayan da aka yi dominsa. Wasu na tsayawa a rabin aikin mai ninki su ce ya yi, amma bayan bakin DIN a miƙe yake inda noti ke dafawa, ba a gangare ba.

Lanƙwasa da ɗaurawa

Buɗa baki ɗaya kawai tukuna. Jera sabon da tsohon, fara daga wannan ƙarshen, duk lanƙwasar da ka gama ka ɗaure su tare da salatif ka ci gaba. Kafin lanƙwasa ta farko, tura notin can bakin, in ba haka ba zai maƙale a bayanta. Kunifa yana bin hannu, a lanƙwasa mai tsanani ka naɗa shi a jikin babban soket. Na ƙarfe sai da abin lanƙwasa. Duk inda ya karye ya shafe, ya tashi daga aiki, miƙar da shi ba ya mayar masa da ƙarfi. Idan ka ga tsohon ya yi zagaye kamar nannaɗen maciji a ƙasan masta, kamar yadda ake gani a Hilux da Jimis, kwaikwaye shi. Ba ado ba ne, jikin motar da shasi suna motsi daban, zagayen ne ke shanye motsin.

Toshe baki da salatif, zura shi a mota ka gwada, sannan ka yanke rarar, ka sa noti na biyu, ka buɗa baki. Idan layin baya ya ƙi shiga a dunƙule, raba shi biyu ka haɗa da mahaɗar birki ta gaske, mai karɓar buɗaɗɗen baki ta kowane gefe, a wurin da ido zai iya gani.

Kowane noti da yatsu ake fara shi, ya shiga zagaye huɗu ko biyar ba gardama. In ya ƙi, bututun ne bai miƙe da ramin ba, gyara lanƙwasar, kada ka tilasta da sifana. Ramin masta da na silinda in zarensu ya lalace, ka shiga neman wani kayan da shi ma an daina yi. Fara duka ƙarshen biyu kafin ka ɗaure ɗaya. Ɗaurin ba mai yawa ba ne, Toyota kan ba da 15 N·m ga notin M10, wato ƙarfin tafin hannu a gajeriyar sifana. Farin zaren famfo ba shi da aiki a nan, baki ne ke toshe mai, ba zare ba.

Mayar da shi cikin kowane maƙali. Inda maƙali ya karye, sa na ƙarfe mai roba a ciki. Kada ya taɓa salansa, kada ya goga a gefen ƙarfe, kada ya zauna inda gada ko sifirin za su matse shi in mota ta ɗauki kaya. Kunifa ya fi ƙarfe laushi, saboda haka ya fi son maƙalai kusa-kusa.

Tiyoyin roba, in sun kai shekarun motar, sauya su yanzu. Sau da yawa na wata motar kamfanin yana hawa in tsawo da kai sun zo ɗaya, tafi da tsohon a gwada. In babu, masu haɗa tiyon haidurolik a Sina'iyya suna yi, amma ka ce na faramil, wato birki, kake so, ka ga SAE J1401 a rubuce a jikin robar. Kada ya murɗe wajen ɗaurawa, in kuma mai wasa ne, wato ɗan zoben jan ƙarfe da ke toshe mai, sa sababbi.

Fitar da iska

A nan ana ce masa tansim. Cire sandar, mayar da fis, zuƙe tsohon man da ke kofi, cika da sabo. Sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa: a tsohon masta, can ƙarshen ramin da fistin bai saba zuwa ba akwai datti da tsatsa, in robar ta bi ta kai sai ta yage. Mutane da yawa sun gyara bututu sun kashe masta a rana ɗaya ta wannan hanyar.

Motocinmu sitiyari a hagu yake, don haka a irin Cressida ana farawa da tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu. Sa zoben sifana a kan nipul, wato ɗan notin fitar da iska da ke bayan taya, ɗora siririn tiyon, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Mutum biyu ake so, kuma sai an ji juna.

"Kawu, a taka sau uku a riƙe."

"Na riƙe, ɗan nan."

Na buɗe rubu'in zagaye, mai ya fito da kumfa yana tartsatsi, fedar ta sauka kan katako. Na rufe.

"A saki."

"Tun ɗazu na saki."

To, wannan ne ba a so. In aka saki kafin ka rufe, iska ta koma. Sai da na ce, "Kawu, don Allah a yi haƙuri, ƙafar ta zauna sai an ji muryata," sannan muka daidaita. Maimaita har man ya fito garau ba kumfa, kuma bayan kowane taku biyar ko shida leƙa kofi ka ƙara. In ya ƙafe, aiki ya koma farko, wani lokaci har sai an fitar da iskar masta shi kaɗai. Mai Hilux ya tuna akwai bawul a saman gadar baya mai daidaita birki da nauyin kaya, shi ma yana da nipul. Man da ya fito ba ya komawa kofi, kuma a ɗauke kwalbar daga inda yara ke wasa, guba ne.

Gwaji

Tayar da inji, a taka feda da dukan ƙarfi a riƙe minti ɗaya. Ta tsaya cak a sama. In tana laushi kamar soso, da sauran iska. In tana nutsewa, akwai yoyo ko masta ya gaji. Ana riƙe da ita, bi kowace mahaɗa da farin tishu, domin ido ba ya ganin ɗan jiƙon da tishu ke nunawa. Inda ya jiƙe, sassauta notin ka sake ɗaurewa, sau da yawa bakin sai ya zauna. In ya ƙi bayan sau biyu, kada ka ƙara ƙarfi, bakin ne bai yi ba. Namu ɗaya ya yi haka a mahaɗar gadar baya, na cire na ga ramin ya ɗan kauce daga tsakiya, sai da na sake guntun gaba ɗaya, muka sake tansim ɗin baya.

Juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga tiyo bai taɓa taya ba kuma bai miƙe tsam ba. Sauke motar, gwada a fili da tafiyar ƙafa, sannan a gudun 30, sannan 50 da taku mai ƙarfi, ka lura ko tana ja gefe. Dawo ka sake bi da tishu. Da dare shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, ka yi wa matakin man kofi alama da biro. A wurin fahas dauri, wato binciken lafiyar mota na hukuma, za su leƙa ƙasan motar su kuma gwada birkin a kan na'ura, bututun da aka ɗaure a maƙalansa da notunan da suka dace ba ya jawo magana.

Kwalinmu ya wayi gari a bushe, alamar biro ba ta motsa ba har mako biyu. Sai a lokacin na yarda muka hau Ɗa'ifa. A saukowa ta hanyar Hada, daga tsayin wajen mita 2,000, na roƙi Kawu ya bar ta a giya ta biyu inji ya riƙe ta, don sabon mai ma yana tafasa in aka kwanta a kan feda tun daga sama har ƙasa. Da muka iso gindin dutsen na sa ya tsaya, na shiga ƙarƙashi da tishu na bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ta yi mini hon wai za mu rasa Magariba.